Kwaɓi Ɗaya, Tire Biyu: Abin da Ya Ɓata Mana Kukis ɗin Ots Marar Ƙwai da Bota

Hoton da Auta ta turo mini da daddare bai yi kama da kukis ba ko kaɗan. Tire ne cike da wani abu mai ruwan ƙasa, a warwatse, mai yana ƙyalli a gefe-gefe kamar da gangan aka tsiyaya shi. A ƙasan hoton ta rubuta: "Yaya, wallahi komai na bi yadda kika koya mini. Ƙwai da bota kawai na cire."

Wannan "kawai" ɗin ita ta ci mana mako biyu da kwaɓi huɗu.

Auta ƙanwata ce, kuma ita da obin ba yau suka san juna ba. Shekaru tana gasa kukis ɗin ots da ma'aunin da na ba ta, ba a taɓa jin ta kawo ƙara ba. Ots dai, ga wanda bai saba da shi ba, hatsin ƙasashe masu sanyi ne da ake turarawa sannan a danne shi ya zama falle-falle, mutane da yawa sun fi saninsa da sunan kamfanin Quaker. Abin da ya sauya a gidan shi ne ɗanta mai shekara uku. Tun yana goye jikinsa ba ya karɓar madarar shanu, daga baya likita ya tabbatar ƙwai ma haka, da ya shiga bakinsa sai borin jini ya feso masa. Da yana ƙarami, ana gasawa a ci a bayan idonsa. Yanzu ya yi wayo. Da ya ji ƙamshi zai zo ya tsaya a ƙofar kicin, hannu a miƙe, in an hana shi gidan ya kaure da kuka. Sai Auta ta yanke shawarar ko dai a yi wanda kowa zai ci, ko a daina yi gaba ɗaya.

A nan ta ci karo da kalmar da ake bugawa a jikin kwalaye, wato vegan. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson ne ya ƙirƙiro ta a 1944, lokacin da shi da wasu suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama da kifi kaɗai ba, har ƙwai, madara, bota, kai har zuma. Auta ba ta shiga wannan layi ba, namanta take ci. Amma duk girkin da aka tsara wa waɗannan mutane ya riga ya fitar da abubuwa biyun da take gudu, don haka hanyarsu ta biya mata buƙata.

Ma'aunin da ta saba da shi ga shi: bota giram 115, jan suga giram 100, farin suga giram 50, ƙwai ɗaya, fulawa giram 95, ots giram 135, rabin ƙaramin cokali na bekin soda, ɗan gishiri, kirfa, da zabibi giram 75. Yana ba da kukis goma sha shida zuwa sha takwas. A daren da ta turo hoton, abin da ta yi shi ne ta auna man girki giram 115 ta zuba a madadin bota, ƙwai kuwa ta tsallake shi. A ganinta, mai ya tafi mai ya dawo, ƙwai ɗaya tak kuma a cikin wannan tulin kaya me zai rage?

Na ce ta ba ni labarin kwaɓin kafin ya shiga wuta. Ta ce ya ƙi haɗuwa, kamar jiƙaƙƙen yashi, in ta dunƙula ta ajiye sai ya buɗe. Da ta ɗanɗana bayan gashi, suga na ƙaras-ƙaras a haƙori, bai narke ba. Wannan bayani na ƙarshe shi ya sa na ɗauko biro.

Bota ba zallan mai ba ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari ne mai, kashi 16 ko sama da haka ruwa ne, sauran ɗan furotin ɗin madara. Ke nan a cikin giram 115 akwai mai kimanin giram 92 da ruwa kimanin giram 18. Ƙwai babba, in an fasa shi, yana kai giram 50, kuma kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, wato wajen giram 38. In aka haɗa, tsohon kwaɓin yana ɗauke da ruwa kimanin giram 56 wanda babu inda aka rubuta shi a takarda. Ba wanda ya taɓa cewa "zuba ruwa", saboda yana shigowa ne a ɓoye cikin bota da ƙwai. Man girki kuwa ɗari bisa ɗari mai ne. Don haka a dare ɗaya Auta ta kwashe duk ruwan kwaɓin, ta kuma ƙara masa mai giram 23 a kan abin da ya saba ɗauka. Suga ba ya narkewa a cikin mai. Bekin soda ba ta motsawa sai da danshi. Gulutin, sinadarin nan na fulawa da ke ba kwaɓi danƙo, ba ya haɗuwa sai fulawa ta sha ruwa. Abin da ta sa a obin soyayyen ots ne da suga, ba kwaɓi ba.

Na tura mata lissafin, na ce matsalarki ruwa ce. Kuskurena ke nan, don ban faɗa mata nawa ba.

Bayan kwana uku sai ga hoto na biyu. Wannan karon sun yi tudu, sun kumbura, farare-farare, kamar ƙananan kek. Ta karanta cewa ana sa dakakkiyar ayaba a madadin ƙwai, sai ta dama babba guda ɗaya sukutum, ta kuma bi ta da madarar waken suya "don kada ya bushe". Ayaba ma kusan kashi 75 cikin ɗari ruwa ce, kuma babba in an ɓare ta tana wuce giram 110. Tsakanin ita da madarar, ruwan kwaɓin ya haura giram 110, ninki biyu na abin da ake nema. Ruwa in ya yi yawa tururi yake zama, ya ɗaga kwaɓin sama, cikin ya fito lallausa kamar soso. An gudu ba a tsira ba. Ƙamshin ayaba ya danne kirfa da ots duka, washegari kuma suka manne da juna a cikin gwangwani, sai da cokali aka raba su. Yaron ya ci, tun da shi bai san wani ba. Mahaifinsa ya gutsiri ɗaya, ya ce Allah ya ƙara basira, ya ajiye sauran.

Ni ba na ƙin ayaba a gashi, amma a kukis irin wannan ba na ganin wurinta. Mai son laushi ya sa. Mai neman wanda gefensa ke garas-garas tsakiyarsa na da danƙo, ayaba ba za ta kai shi can ba ko da an rage ta.

Ran Asabar na ɗauki sikelina da ma'aunin zafin obin na tafi gidanta. A hanya nake ta juya abin a raina: me ƙwai yake yi a cikin kukis, ban da ruwan da yake kawowa? Abu biyu. Ƙwanduwa tana ɗauke da wani sinadari da ake kira lesitin, mai sasanta mai da ruwa su zauna wuri ɗaya ba tare da sun rabu ba. Sannan furotin ɗin ƙwai yana daskarewa da zafi, daga wajen digiri 62 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas. Wannan na biyun shi ne birki. Kukis in ya shiga obin, mai na narkewa, suga na narkewa, kwaɓin ya fara malala ta ko'ina, sai ƙwai ya daskare ya ce a tsaya nan. Bota ma tana da nata aikin bayan ruwa: a daskare take a cikin ɗaki, sai zafi ya kai wajen digiri 32 zuwa 35 take narkewa, don haka tana ɗan jinkirta malalar, kuma in an buga ta da suga tana riƙe iska.

Abin da ya ba ni ƙwarin guiwa shi ne kukis ɗin ots marar ƙwai ba sabon abu ba ne a duniya. Mutanen Ostireliya da Niyu Zilan suna da nasu da suke kira Anzac, wanda ake dangantawa da sojojinsu na Yaƙin Duniya na Farko. Ots ne da fulawa da suga da kwakwa da bota, babu ƙwai ko ɗaya. Wani ruwan suga mai kauri ne ke ɗaure shi, kuma suna narkar da sodar a cikin tafasasshen ruwa kafin su zuba. Su ma ke nan sun san in ƙwai ya fita, dole ruwa ya shigo ta wata ƙofa.

A madadin ƙwai na zaɓi 'ya'yan filaks, waɗanda Larabawa ke kira bizrul kattan, ƙanana masu santsi da ƙyalli. Babban cokali ɗaya na garinsu, wajen giram 7, a zuba masa ruwa babban cokali uku, giram 45 ke nan, a ajiye minti goma. Auta ta tsaya tana kallon kofin. Da farko ruwa ne da gari yana yawo a kai. Can sai ya fara kauri, da na ɗaga cokali ya biyo shi yana zare, bai tsinke ba sai da na kai tsawon yatsa. Ta ce, "Yaya, ai wannan farin ƙwai ne sak." Yauƙin daga ɓawon irin yake fitowa, yana riƙe ruwa yana kuma ɗaure gari. Akwai masu amfani da ruwan dafaffen waken cikfi, wani wake mai ɗan kama da gurjiya, cokali uku a madadin ƙwai ɗaya, amma shi ya fi amfani inda ake son kumfa, a nan kuwa ɗauri muke nema. A madadin bota na sa man kwakwa giram 90, daidai da man da ke cikin botar, na cike ruwan da babban cokali ɗaya na madarar waken suya, wadda yaron ya saba sha. Ruwa ya tashi wajen giram 59. An dawo gida.

Na narkar da man, muka juya da suga da yauƙin filaks har ya yi sumul, muka zuba busassun kaya. Kwaɓin ya haɗu, sai dai da ɗan ruwa-ruwa da ɗumi, yana zamewa daga cokali. Ban damu ba, lissafi na hannuna. Muka jera guda takwas a tire, don obin ɗinta ƙarami ne, tire ɗaya yake ɗauka. Minti huɗu da shigarsu na leƙa ta gilashi, sai na ga suna ta faɗi suna neman juna. Kafin minti goma sun haɗe, gefensu ya zama siriri mai huji-huji kamar leshi, ya yi baƙi, tsakiya kuma ots tsirara a zube. Auta ba ta ce komai ba. Kallon da ta yi wa takardar lissafina ya isa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Daidai lokacin yaron ya farka daga barci yana rigima, ta tafi wurinsa, ni kuma na rufe sauran kwaɓin na cusa a firji, ba don wata dabara ba, don dai kada in ci gaba da ganinsa. Aka yi masa wanka, aka ba shi abinci, muka zauna hira. Sai da aka yi awa ɗaya da kwata Auta ta ce, "Mu gasa ragowar mana, ko ba komai kada a yi asara."

Da na fito da kwanon, kwaɓin ba wanda na ajiye ba ne. Ya yi tauri, sai da na danna cokali da ƙarfi. Na dunƙula a tafin hannu ya zauna cur, bai bar mini maiƙo ba. Minti goma sha biyu a obin, sai ga kukis: zagayayyu, masu kauri kamar rabin yatsa, saman ya tsattsage kaɗan, gefe ya yi ja. Kwaɓi ɗaya ne da na tire na farko, kwano ɗaya, hannu ɗaya. Ko ƙwayar gishiri ba a ƙara ba.

Auta ta ce shi ke nan, sanyi ne magani. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don abu biyu ne suka faru da kwaɓin a cikin firjin, ba ɗaya ba: ya yi sanyi, ya kuma daɗe. Man kwakwa yana daskarewa da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 24, wannan a fili yake. Amma ots ma yana da nasa halin. Falle-fallensa masu kauri ba sa shan ruwa nan take kamar fulawa, a hankali suke tsotsa. Kuma a cikinsa akwai wani zare mai narkewa da ake kira beta-gulukan, shi ne yake sa dafaffen ots ya yi kauri da yauƙi. In aka gasa kwaɓi da zarar an haɗa, ruwan yana nan a sake, ya narkar da suga ya zama ruwan zaƙi mai gudu. A tsohon kwaɓi ƙwai ne ke tare wannan gudun. Yauƙin filaks kuwa, duk kamanninsa da farin ƙwai, ba ya daskarewa da zafi. Yana ɗaurewa, ba ya taka birki. To in babu birki, abin da ya rage shi ne kwaɓin ya shiga wuta da kaurinsa, kuma ots ne zai ba shi wannan kaurin in an ba shi lokaci.

Don in san wanne ya fi tasiri, mako na gaba na sake kwaɓi a gidana na raba shi uku. Kashi ɗaya na gasa nan take. Na biyu na rufe na bar shi a kan tebur awa ɗaya, kicin ɗin da ɗumi, man bai daskare ba. Na uku awa ɗaya a firji. Na farko ya maimaita abin kunyar ran Asabar. Na uku ya fito yadda ake so. Na biyu shi ne ya ba ni amsa: ya fi na firji faɗi da ɗan kaɗan, ya fi shi sirantaka, amma kukis ne cikakke, kowanne a wurinsa, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ashe mafi yawan gyaran daga jiƙar ots ya zo, sanyi ƙari ne. Wannan ya yi mini daɗi saboda wani dalili: wanda ba ya son ƙamshin kwakwa, ko ba shi da wuri a firji, zai iya amfani da man girki na ruwa ya samu abin kirki, muddin ya rage shi zuwa giram 90, ya mayar da ruwan, ya kuma yi haƙurin awa ɗaya. Mai son man kwakwa ba tare da ƙamshinsa ba ya nemi tataccen.

Nau'in ots ɗin ma yana shiga lissafi. Mai manyan falle shi ke buƙatar wannan jira, shi ne kuma ke ba da abin taunawa. Wanda aka yanka ƙanana don saurin dahuwa yana shan ruwa da wuri, rabin awa ta ishe shi, amma kukis ɗinsa ba ya da wannan jiki. Wanda aka sassara ba a danne ba, mai kamar tsakuwa, kada ma a fara, minti goma sha biyu ba za su nunar da shi ba.

Akwai wani mai laifi da na kama a ranar Asabar ɗin, wanda ya daɗe yana ɓuya. Da na rataye ma'aunin zafi a cikin obin ɗin Auta, an murɗa shi a kan 180, minti goma da kunnawa, allura tana kan 150. Sai da aka yi minti ashirin ta kai 165, a nan kuma ta tsaya. Shekara da shekaru tana gashi da wuta ƙasa da yadda take zato, ba ta sani ba, saboda ƙwai yana rufa mata asiri. Wuta in ta yi ƙasa, mai yana samun lokacin malala kafin gefe ya ƙafe. Tire na biyu ya ci moriyar wannan ma, don kafin ya shiga na ƙara murɗawa har allura ta hau 180 na gaskiya. Haka kuma tiren ya huce sarai. Ɗora kwaɓi a kan tire mai zafi da ya fito daga wuta yanzu-yanzu, narkar da shi ne tun kafin a rufe ƙofa.

Da siffa ta daidaita, sai maganar ɗanɗano ta taso, kuma a nan mahaifin yaron ya yi gaskiya da ya ce "akwai abin da babu". Bota tana da ƙamshin da mai ba shi da shi. Sannan jan da gashi ke yi, da ƙamshin da ke biyo shi, yana fitowa ne daga haɗuwar suga da furotin a kan wuta, abin da wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. An cire ƙwai an cire madara, furotin ya ragu, don haka dole a nemo ƙamshin a wani wuri. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne gasa ots ɗin shi kaɗai kafin a kwaɓa: a baza a tire, minti takwas zuwa goma, a juya sau ɗaya, har ya fara ƙamshin soyayyen hatsi. Sai ya huce sosai kafin ya shiga kwano, in ba haka ba an koma gidan jiya. Na kuma ƙara gishiri ya kai rabin ƙaramin cokali, saboda botar da Auta ta saba da ita mai gishiri ce, shi ma ya fita tare da ita ba wanda ya lura.

Bekin soda ban taɓa ta ba, kuma ba na ba da shawarar a musanya ta da bekin foda a nan. Soda tana taimaka wa gashi ya yi ja, abin da muke ƙarancinsa. Amma tana buƙatar ɗan tsami da za ta yi aiki da shi, kuma a wannan kwaɓi jan suga ne ke kawo shi, ta baƙin ruwan raken da ke jikinsa. Wanda jan suga ya ƙare masa ya cike da fari zalla, zai ji ɗanɗanon sabulu a ƙarshen harshe, kukis ɗin kuma ya bushe, don jan suga ne ke jawo danshi ya riƙe. Zabibi kuwa ɓarawon ruwa ne. In aka zuba shi a bushe, a cikin awar nan ta jira zai yi ta gasa da ots wajen tsotsa. Minti goma a ruwan zafi, a tsane a goge da tawul, ya wadatar.

Abin da muka tsaya a kai ke nan: man kwakwa giram 90 a narke amma ba da zafi ba, jan suga 100, fari 50, garin filaks babban cokali ɗaya a jiƙe da ruwa cokali uku, madarar waken suya cokali ɗaya, fulawa 105, don na ƙara giram goma ta ɗan rufe gurbin ƙwai, gasasshen ots 135, soda da gishiri rabin ƙaramin cokali kowanne, kirfa, jiƙaƙƙen zabibi 75. Awa ɗaya a firji. Kwaɓin da ya yi sanyi ba ya faɗi sosai da kansa, don haka a ɗan danna kowane dunƙule da tafin hannu. Wuta 180, minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu, a fitar tsakiya tana nan da ɗan laushi. Kada a taɓa su sai sun yi minti goma a kan tire, da zafinsu ba su da ƙarfin da za a ɗaga su, suga ne ke ƙafewa ya riƙe su yayin da suke hucewa. Na nace wa Auta a kan sikeli, saboda kofin fulawa ɗaya yana iya zama giram 120 a hannun wani, 150 a hannun wani, ya danganta da yadda aka ɗiba. Kwaɓi mai ƙwai yana yafe irin wannan bambanci. Wannan ba ya yafewa.

Sauran aikin na karatun kwali ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro fiye da duk abin da ya faru a obin. Auta ta so ta gwada majarin a madadin man kwakwa, tana ganin ai daga tsirrai ake yin sa. Da muka juya robar, ga ruwan madara a jerin kayan haɗi. Da yawa haka suke. Baƙin cakulan ma, wanda ta so ta sa a madadin zabibi, wasu na ɗauke da man madara. Abin da ya fi muhimmanci gare ta shi ne kalmar vegan a jikin kwali tana nufin ba a sa kayan dabba da gangan ba, ba ta yi alkawarin cewa injin da ya sarrafa shi bai taɓa madara ko ƙwai ba. Ga wanda ya bar su don ra'ayi, wannan ba komai. Ga yaron da jikinsa ke bori, ƙaramin rubutun nan na ƙasa mai cewa mai yiwuwa akwai ɓurɓushin madara shi ne abin dubawa. Masu ra'ayin kuma suna da nasu abin lura da Auta ba ta da shi: wasu matatun sugan rake, musamman a Amurka, suna tace shi da gawayin ƙashin dabba don ya yi fari, shi ya sa masu tsanantawa ke bincikar inda sugansu ya fito.

Na kama ta sau ɗaya tana miƙa wa yaron cokalin kwaɓi ya lashe, wai ai yanzu babu ɗanyen ƙwai. Fulawa ma ɗanya ce, ba a dafa ta a masana'anta, tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta daga gona. Na karɓe cokalin. Garin filaks kuma na ce ta riƙa niƙa kaɗan-kaɗan tana ajiyewa a firji, man da ke cikinsa yana saurin hamami, in ya juya kuwa duk kwaɓin zai ɗauka.

Abu ɗaya ya rage da ban warware ba. Kwana biyu na farko kukis ɗin suna nan da danƙonsu a cikin gwangwani mai murfi, amma a rana ta uku sukan fara tauri fiye da yadda masu ƙwai suke yi. Ina tunanin rage farin suga zuwa 30 in cike da ruwan suga mai kauri cokali ɗaya, irin dabarar masu Anzac, in ɗan rage madarar don ruwa ya tsaya inda yake. Auta ta ce in gwada a gidana, ita a nata ba sa kai kwana uku. Jiya ta turo hoto na biyar: yaron zaune a ƙasa, kukis a hannun dama, ya tsince zabibin duka ya jera su a kan guiwarsa.